Shago ya koma cikin waya, saura inuwar da mai shi zai zauna

Ranar 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, ta sauya wa ma'aikatanta makon aiki. Aka tsawaita lokacin tashi zuwa ƙarfe biyar na yamma, aka ce ranar Juma'a kowa ya yi aikinsa daga gida, in banda ma'aikatan asibiti da na makarantu, su ma na makarantun suka bi sahu a Janairun 2022. Dalilan da aka bayar sun haɗa da ƙara wa ma'aikaci lokacin iyali, da na hutu, da na noma. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan tsarin, amma dalilin nan na noma bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Gwamnati ce da bakinta ta amsa cewa mutumin birni yana da buƙatar fita daga cikin gini ya taka ƙasa, kuma aikin da ake yi daga nesa zai iya ba shi wannan sarari.

Sai dai masu cin albashin gwamnati 'yan kaɗan ne a cikin jama'ar gari. Ƙididdigar da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa a 2020 akwai ƙananan sana'o'i da matsakaita kusan miliyan 40 a Najeriya, mafi rinjayensu na mutum ɗaya, ko mutum da yaransa biyu zuwa uku. Mai son ganin abin da wannan adadi yake nufi ya ratsa Unguwar Sanusi, maƙwabciyar Tudun Wada da Badikko a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Layi bayan layi teloli ne, da masu gyaran waya, da masu POS a ƙarƙashin lema, da shagunan atamfa da shadda. A bayan katanga kuma ga matan da ke haɗa turaren wuta da humra, ko soya cincin da dubulan na biki, suna tallarsu a WhatsApp da Instagram. Babu sanarwar da za ta ba waɗannan mutane Juma'a kyauta. In za su samu, su za su yanko ta da kansu daga cikin makonsu. A ganina ya kamata su yanko ta, su kuma kai ta waje, inda akwai bishiya da iska, domin jarin ƙaramin ɗan kasuwa na farko hankalinsa ne, waya kuwa tana cin hankali fiye da yadda shago ya taɓa ci. Amma wajen da nake nufi yana cikin gari, kusa da gida, kuma wannan sharaɗi yana da dalili.

Ba taron bita ne ya shigo da aiki daga nesa cikin unguwannin nan ba, tilas ce. Kullen korona a Kaduna ya fara a ƙarshen Maris 2020 ya kai har Yuni, kuma ya faɗo a shekarar da aka rushe Kasuwar Barci don sake gina ta. Telan da ba shi da rumfa, ko yake da ita an hana shi buɗewa, ya gano cewa lambobin wayar kwastomominsa sun fi rumfar daraja. A farkon 2023 canjin kuɗi ya ƙafar da takardun naira, har mai shayi da mai tsire suka koma karɓar taransifa, aka wayi gari OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga kowane lungu. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tun daga nan duk tafiyar da waya za ta iya yi aka daina yin ta a Keke Napep. A yau mai sayar da yadi yana iya ganin kaya a Kantin Kwari ta bidiyo, ya yi ciniki, ya tura kuɗi, a ɗora masa a mota, a karɓa a tashar Kawo, mai kai saƙo ya miƙa wa mai saye a Barnawa, shi kuwa bai motsa daga inda yake zaune ba.

Ribar wannan a fili take, asarar ce ba a cika lissafa ta ba. Shago yana da ƙofa: in an kira Magariba a ja ƙyaure, a sa kwaɗo, ciniki ya ƙare sai gobe. Waya ba ta da ƙyaure. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare saƙo zai shigo, "Hajiya nawa za ki bar min wannan?", da asuba wani ya biyo, "Alhaji na tura, duba alat." Wanda bai amsa da wuri ba yana tsoron mai saye zai koma wurin wani, tunda masu irin kayan sun fi a ƙirga a cikin wayar. Awannin da aka tsira da su daga cunkoson hanya sai su zurare cikin gilashin waya, har da ƙari. A babban kamfani akwai akanta, akwai mai sayo kaya, akwai mai jin koken jama'a. A ƙaramar sana'a duk mutum ɗaya ne, kansa kuma ɗaya ne. Idan kan ya gaji, a nan ake yanka farashi ƙasa da kuɗin saye ba a lura ba, a nan ake sakin kaya a kan alat na bogi, a nan ake mayar wa tsohon kwastoma baƙar magana a rasa shi har da danginsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin irin wannan gajiya. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan a Amurka, a littafin da suka fitar a 1989, sun bambanta hankali iri biyu. Akwai wanda mutum yake tattarowa da ƙarfi don ya yi lissafi, ko ya karanta saƙo, ko ya tsallaka titi mai motoci, kuma wannan yana ƙarewa in an daɗe ana jan sa. Akwai kuma wanda abu yake ɗauka da kansa babu wahala, irin su motsin ganye da gudun ruwa da kai-komon tsuntsaye; yayin da na biyun yake aiki, na farkon yana samun sararin farfaɗowa. A 2008 Marc Berman da abokan aikinsa a jami'ar suka gwada maganar. Suka yi wa ɗalibai gwajin riƙe lambobi a ka, sannan suka tura su yawo na kusan minti 50, ko dai a lambun bishiyoyi ko a titunan tsakiyar garin Ann Arbor. Da aka sake gwajin, yawon cikin bishiyoyi ya ɗaga sakamako da kusan kashi 20 cikin ɗari, na titi bai kawo wani abin a-zo-a-gani ba. Tun a 1984 Roger Ulrich ya binciki takardun waɗanda aka yi wa tiyata a wani asibiti a jihar Pennsylvania, ya tarar masu taga mai kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, ba su kuma sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Mai neman ma'auni kuwa zai fi amfana da binciken Mathew White da abokansa na 2019 a kan mutum kusan 20,000 a Ingila: waɗanda suke samun aƙalla minti 120 a mako a wuri mai tsirrai ko bakin ruwa sun fi yawan cewa suna jin lafiya da kwanciyar rai, ko a zama ɗaya suka yi awa biyun ko a gutsuttsure. Wannan binciken na tambaya da amsa ne, bai isa ya tabbatar cewa fitar ce kaɗai ta jawo lafiyar ba, tunda mai lafiya ya fi iya fita. Amma bakinsa ya zo ɗaya da gwaje-gwajen da aka shirya da gangan, kuma awa biyu a cikin awa 168 na mako ba su yi tsada ba.

Shi ma aiki daga nesa yana da shaidunsa, ba kuma dukansu ne suke wanke shi ba. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi gwaji da ma'aikatan amsa waya na kamfanin Ctrip a ƙasar Sin, aka buga a 2015: waɗanda aka tura gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki suka ragu da rabi. Da aka ba su zaɓi daga baya, kusan rabinsu suka koma ofis, yawanci saboda kaɗaici. A 2024 ya fitar da wani gwajin da ma'aikata sama da 1,600, inda wasu suke kwana biyu a gida uku a ofis. Ingancin aiki bai ragu ba, masu barin aiki suka ragu da kashi ɗaya bisa uku. Amma a birnin Chennai na Indiya David Atkin da abokansa sun gwada masu shigar da bayanai a kwamfuta, suka tarar na gida sun gaza na ofis da kashi 18 cikin ɗari. Wannan na Indiya ya fi kama da halinmu. Gida a Unguwar Sanusi sau da yawa ɗaki ne da falo a gidan haya, ga yara, ga baƙi, ga ƙarar janaretan maƙwabci, ga kwanon rufi yana huci a watan Afrilu. Wanda ya bar shago ya koma irin wannan ɗaki da sunan aiki daga gida, hayaniya kawai ya sauya. Shi ya sa fita waje, wadda a Turai ƙarin jin daɗi ce, a nan take zama ɓangare na aikin kansa. Ana buƙatar wani wuri dabam, ba shago ba, ba ɗaki ba.

A kauce wa hoton nan da tallace-tallacen intanet suke sayarwa, na mutum da kwamfuta a cinya a bakin tafki yana murmushi. Ɗaliban Berman ba su tafi da aiki cikin bishiyoyin ba, tafiya kawai suka yi. Wanda ya kai wayarsa bakin Kogin Kaduna ya ci gaba da amsa saƙo ɗaya bayan ɗaya, jikinsa ne ya fita, kansa yana shago. Abin da zai yi amfani shi ne a raba aikin sana'a gwargwadon abin da kowanne yake nema. Awo da yanka da ɗinki, da kwance waya a gyara, da karɓar kaya a duba, suna neman hannu da wuri, babu inda za su. Amsa saƙonni da ɗora hotuna da bin bashi sabis da caji kawai suke nema, kuma sun fi kyau in an ware musu lokaci biyu ko uku a yini. Manhajar WhatsApp Business tana da wurin rubuta lokutan aiki da saƙon da zai amsa da kansa in mai ita ba ya kusa, ga wanda ya damu ya kunna. Aikin da aka fi zalunta shi ne tunani. Wane kaya ne yake kwana a shago, wa ya kamata a daina ba bashi, a ƙara yaro kafin ɗinkin salla ko a jira, me ya sa cinikin bana bai kai na bara ba. Irin wannan ba ya yiwuwa tsakanin sallama da sallama. Shi ne ya dace da tafiya a ƙasa, ko zama a inuwa da ɗan littafi da biro, waya a aljihu a kashe.

Wani zai ce wannan tunanin Turawa ne da na waɗanda suka ƙoshi, mai neman na cefane ina ya ga ta shan iska. Maganar tana da nauyi, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Sana'ar Bahaushe a waje ta girma. Masaƙi a inuwa yake kafa masaƙarsa, mai ɗinkin hula a dakalin ƙofar gida, malami da almajiransa a gindin durumi ko ceɗiya, majalisar dattawa kuma har gobe bin inuwa take yi daga safe zuwa yamma. Ɗan kasuwar ƙasar Hausa manomi ne in damina ta faɗi. Kasuwa da gona sun raba shekara a tsakaninsu tun kafin a san albashi. Baƙon abu shi ne yini cur a shagon bulo marar taga a gaban kwalta, wanda ya zo da cunkoson birni, ya ƙaru bayan rufe masaƙun Kakuri, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya tura dubban ma'aikata neman abin yi a bakin titi. Waya ta ba da damar maido da wani abu na tsohon tsari: mai shagon da yake da 'yar gona a gefen gari yana iya zuwa duba shuka da safe, cinikin ranar bai tsaya ba.

Batun amana ya fi wannan kaifi. Kasuwa ido ce, in mai gida ya ɗaga ƙafa yara za su yi yadda suka ga dama, kuma gaskiya ne sabon mai sana'a bai isa ya matsa ko nan da can ba. Sai dai fataucin Hausawa tun asali daga nesa ake gudanar da shi. Goron Gwanja ta hannun madugai da wakilai yake isowa Kano. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya shimfiɗa cinikinsa na goro da gyaɗa a garuruwan da ba ya kwana a cikinsu. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataken shanu da goro suke damƙa dukiya mai yawa a hannun masu masauki bisa sanayya. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san za a yi lissafi, kuma wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci daga Ibadan har Kano. Mai shagon yau yana da abin da su ba su da shi: kowace taransifa tana barin sawu, da suna da lokaci, ƙirga kaya sau ɗaya a mako kuma ya isa ya nuna giɓi. Yaron da ba a taɓa bar wa shago na awa uku ba ba zai koyi riƙe shi ba, ranar da mai gida ya kwanta ciwo sai dai a rufe. Illa iyaka kada fitar ta zama gatan mai gida shi kaɗai, yana inuwa yara suna gasuwa. In juyi ake yi, kowa da rabin yininsa a mako, sana'ar da ba ta iya gasar albashi ta sami abin riƙe yaro mai hannu. A nan ne sakamakon Bloom a kan raguwar masu barin aiki yake da amfani.

Abin da duk mutumin Kaduna zai fara kawowa kuwa tsaro ne, kuma ba a amsa shi da kawar da kai. A taswira jihar tana da wuraren da wata ƙasa za ta yi alfahari da su: gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, madatsar ruwan Kangimi a hanyar Jos, duwatsun Kajuru da ginin da wani Bajamushe ya ɗora a kansu a shekarun 1980. Amma a Maris 2021 a Afaka, nan bakin gari, aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin aikin gandun daji. Wata guda bayan haka aka shiga Jami'ar Greenfield a hanyar Abuja. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, bai dawo aiki ba sai Disamba. A Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 gwamnati da kanta ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar don yaƙi da 'yan bindiga, wato inda daji ya fi kyau a nan sabis ya fi saurin ɗaukewa. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa hanya da kasuwar shanu sun sake buɗewa, amma mai hankali ba zai jingina sana'arsa da sulhun da bai daɗe ba. Duk wanda ya ce wa mai shago a Unguwar Sanusi ya ɗauki kwamfuta ya nufi daji neman natsuwa bai san Kaduna ba. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne babu ɗaya cikin binciken nan da ya buƙaci daji. Lambun Berman a cikin gari yake, yawancin fitar da aka ƙirga a Ingila kusa da gida aka yi ta, marasa lafiyar Ulrich kuwa 'yan bishiyoyi kawai suke hange ta taga.

To me ya rage a cikin gari? Akwai Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina a bakin kogi, inda aka kafa gadar ƙarfen Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Akwai Dandalin Murtala, ko da yake ya fi dacewa da motsa jiki da safe. Akwai tsofaffin layukan madaci da mangwaro a unguwannin da Turawa suka shata. Sai kogin kansa, da lambunan rani a gefensa inda ake noman alayyafo da latas da tumatir. Kowanne da aibinsa. Kogin yana cika a Agusta da Satumba, kuma a 2003 ya yi ɓarna mai muni. Wasu gaɓoɓinsa bola ce da ruwan kwata, wasu ba a zuwa in rana ta yi sanyi. A bazara daga sallar asuba zuwa hantsi ne kaɗai lokacin fita, a hunturu ƙura tana hana mai asma, a damina gari yana yin kore shar amma sauro yana karɓar rabonsa da yamma. Ga kuɗin mota, ga na shiga. Amma a auna su da abin da zaman shago yake ci. Tun Afrilu 2024 da aka kai kuɗin wutar masu layin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, mai wuta yana kuka da kuɗinta, marar ita yana ƙona fetur don fanka ta juya. A Oktoba 2024 kuma, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu. Awa uku a inuwa da waya da fawa-banki, awa uku ne da janareta yake a kashe.

Waɗanda maganar ta fi shafa su aka fi mantawa da su. Matan Hausawa sun riga kowa aiki daga gida. Tun kafin intanet suna sarrafa ƙuli-ƙuli da fura a tsakar gida, yara suna kai talla. Waya ta fara maye gurbin farantin talla, kuma wannan alheri ne, ko don yarinyar da za ta zauna a aji maimakon yawon tasha. Amma macen da take girki da reno da haɗa kaya da amsa kwastomomi a tsakar gida ɗaya, wadda a gidajen haya na yanzu siminti ce ko'ina babu ko zogale, ita ta fi kowa rashin inda za ta sarara. Majalisar gindin bishiya ta maza ce. Wuraren shaƙatawa kuma an fi ɗaukar su na yawon salla da na samari da 'yan mata, har matar aure tana jin nauyin a gan ta a can ranar Talata da hantsi. Gyaran wannan ba sai an yi faɗa da al'ada ba. Matan da suke adashe tare suna iya mayar da haɗuwarsu wuri mai inuwa, da yaransu, da sanin mazajensu. Masu kula da wuraren kuma su ware safiyar wasu ranaku ga mata da yara, da banɗaki mai tsabta da wurin salla. Inda fita ba ta yiwu ba, gwanda ɗaya ko lemo ɗaya a tsakar gida ya fi babu nesa ba kusa ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mai shago shi kaɗai. Shirin sabunta birnin Kaduna da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya gina gadoji da kasuwanni, an kuma zuba ƙoƙari wajen koya wa matasa aikin intanet, daga Click-On Kaduna da Bankin Duniya ya tallafa zuwa shirin 3MTT na gwamnatin tarayya. Duk sun ɗauka cewa mai aiki da waya hanya da sabis da horo kawai yake buƙata. Inuwa ba ta cika shiga lissafin kayan more rayuwa ba, alhali a garin da zafin Maris da Afrilu yake kusantar digiri 40 ita ce mafi arha a cikinsu. Darbejiya tana ba da inuwa cikin 'yan shekaru, ba ta kuma neman ruwa da yawa in ta kama. Wahalar tana wajen kulawa: dashe yana buƙatar kariya daga awaki da ban-ruwa na rani biyu ko uku, kuma a nan ne bikin dashen bishiya yakan mutu bayan an ɗauki hoto. Mai iya wannan shi ne wanda yake wurin kullum, mai shagon da dashen yake ƙofarsa, da kwamitin masallaci, da makarantar Islamiyya, da mai unguwa. Fili kuwa a ofisoshin hukumomin filaye da tsara gari, KADGIS da KASUPDA, ake yanke hukuncinsa, kuma kowane kango a Kaduna yana da mai son a yanka masa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na teloli sun saba zuwa gaban gwamnati a kan haraji da rabon rumfuna. Suna da hujjar ƙara buƙata ɗaya a takardarsu: a keɓe gaɓoɓin kogin da ba a gina ba, waɗanda ambaliya ta riga ta nuna ba na gini ba ne, a share su, a sa kujerun siminti da famfo da mai gadi, a bar su a buɗe ga wanda ya zo da ƙafa.